Ɗinkin da Ya Ci Ƙafar Tela

Duk layin ba wanda bai san Tela da jarabar gyara ba. In ya hangi zare na reto a rigarka, sai ya datse shi kafin ya amsa gaisuwarka. Tun yana saurayi yake taka keken ɗinki a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya, kuma ba ya taka shi da takalmi, wai sai ƙafa ta ji keke sannan ɗinki ke miƙewa.

To, ciwon suga ya lallaɓo ya kashe masa jin ƙafa bai sani ba. Wata rana ya taka allura ya yini da ita, sai matarsa ce ta ga jini a ƙasa. Ɗan huji kamar na maɓalli, shi ne ya buɗe ya zama gyambo, yana ruwa yana wari, wata da watanni. Tela ya riƙa zazzaga turare a shago, amma masu kawo ɗinki suka koma tsayawa daga bakin ƙofa suna kawar da fuska. Wannan ya fi ciwon ci masa rai.

A asibiti likita bai ɓoye masa ba: in gyambon ya ci gaba, ƙafar za a yanke. Wata nas ce ke wanke masa, ta kankare mataccen nama, ta sa magani ta naɗe. Da ƙyar da siɗin goshi aka samu jan nama ya fara tasowa.

"Baba, da gangan na bar bandejin sako-sako, don jini ya samu hanya," in ji ta. "Kada ka taɓa shi, kada ka hau keke. Ka ɗora ƙafar a kan matashi har ka dawo."

"To, 'yata."

Ya zauna a gida yana hararar ɗaurin nan, gefe ya zazzago, baki ya karkace, kamar an ƙunshe tsumma. Ga masu kaya sun hana ƙofar gida hutawa, kowa nasa ne na gaggawa. Ya ɗingisa ya tafi shago. Yana taka keke bandeji na zamewa, sai ransa ya ɓaci. Ya warware shi, ya sake naɗewa tamau, ya ɗauko zare da allura ya bi bakin da ƙananan ɗinki.

Da matarsa ta gani ta dafe ƙirji. "Malam, ba cewa ta yi kada ka taɓa ba?"

"Ita magani ta sani, ni na san yadi. Dubi yadda ya zauna."

Ya kuwa zauna, ba a taɓa ganin bandeji mai kyansa ba. Da lafiyayyar ƙafa ce da tuni zogi ya sa shi kwancewa, amma tasa ba ta ce masa komai ba. Ya yi ta aiki cikin farin ciki, ya sallami mutane da yawa.

Ranar komawa nas ta nemi bakin bandeji ta rasa, sai da ta sa almakashi. Yatsun sun yi baƙi ƙirin. Ba ta yi masa faɗa ba, ta dai fita ta kira likita.

Kafin yamma labari ya zaga layi. Waɗanda suka matsa masa lamba a kan kayansu su ne kan gaba wajen cewa taurin kansa ya ja masa. Ba wanda ya leƙo asibitin.

Tela ya dubi likita. "Yatsun kawai za a yanke, ko?"

Likita ya girgiza kai, ya ɗora ɗan yatsa a ƙasan gwiwar Tela kaɗan.

Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya laluba aljihu, ya ciro mabuɗin shago ya miƙa wa matarsa.

"Je ki mayar wa mutane da yadinsu. Ki ce su nemi wani telan."