Kwalbatin da Baba Ya Hana a Gina

Akwai damina ɗaya da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da tsufa zai ɗauke mini sauran abubuwa.

Ƙauyenmu yana yankin Roni, akwai rafi tsakaninmu da titin Kazaure. Da rani yashi ne zalla, nakan zauna a bakinsa ina rubuta 'yan waƙoƙina. Da damina kuwa sai ya cika ya batse. A shekarun nan jam'iyyar da ke mulkin tarayya daban, ta jiha daban. Babana yana tare da ta jiha, ƙanensa Baffa yana tare da ta tarayya. Ciki ɗaya suka fito, amma har gaisuwa ta gagare su.

Baffa ne ya yi ta zarya har aka kawo siminti da rodi daga tarayya don a yi mana kwalbati. Ranar da leburori suka fara tono, Baba ya iso da mutanensa.

"Hanyar nan ta jiha ce," in ji shi. "Wa ya ba ku izini?"

Baffa ya ce, "Haba Yaya, ruwa ya san jam'iyya ne?"

"Ku yi kwalbati ku ci zaɓe da shi ko? Namu yana nan tafe."

Leburori suka kwashe kayansu. Na jihar kuma shiru. A lokacin, wallahi, na ɗauka rigimar maza ce kawai.

Da damina ta yi nisa, wata rana da hantsi, maciji ya sari Kaka, mahaifiyarsu, a gonar gyaɗa. Muka ɗora ta a amalanke muka nufi titi, muka tarar rafin ya kawo. Motar da za ta kai ta asibiti tana tsallake, muna hango direban yana ɗaga mana hannu. Baba ya shiga ruwa har ƙirji, ya dawo. Baffa ma ya gwada, igiyar ruwa ta kusa tafiya da shi.

Ina riƙe da hannun Kaka, ƙafarta tana ta kumbura. Ta dube su tsaye a jiƙe, ta ce a hankali, "Yau dai na gan ku wuri ɗaya."

Wajen la'asar ruwan ya janye. Ta riga ta cika.

Tun daga ranar ban sake jin Baba ya ɗaga murya a kan siyasa ba, amma hakan bai dawo mana da Kaka ba. Na gane cewa manya sukan yi jayayyar wa ke da hurumin wane aiki, gobe su haɗu a ɗaurin aure su yi musabaha. Mu da muka ɗauki gabarsu muka kai cikin gida, mu ne muke haƙa kabari.