Bugun Dolfin a Kan Kafet ɗin Falo

Ɗanmu na biyu yana shekara goma sha uku kocinsa ta tare ni a ƙofar wurin iyo. Ta ce yaron yana da ƙarfin hannu, yana da numfashi, amma da ya tunkuɗi bango ya nutse sai ya koma kamar buhun masara. Tana nufin bugun nan da masu gasa ke yi a ƙarƙashin ruwa, ƙafafu a haɗe, jiki na lanƙwashewa kamar na dolfin, dabbar tekun nan mai kama da kifi. Shi da gwiwa yake yi. Ita kuwa ta ce daga ƙirji ake tasowa, a bi ta ƙugu, a ƙare a yatsun ƙafa.

Da daddare muna cin tuwo na kai wa babansa labari. Maigidana injiniya ne, haifaffen Kano, kuma bai taɓa shiga ruwan da ya wuce na bahon wanka ba. Ya ajiye loma ya ce, "Ai wannan igiyar ruwa ce. Fanninmu ne. Ku bar min."

Sati guda ya yi yana kallon bidiyon masu iyo a waya, yana tsayarwa yana mayarwa baya, yana gyaɗa kai.

Ranar Asabar bayan la'asar ya ture teburin falo, ya kira yaron, ya kwanta rubda ciki a kan kafet da jallabiyarsa. Ya miƙe hannaye, ya haɗe ƙafafu, ya shiga mutsu-mutsu, tumbi na bugun ƙasa. Yaron ya toshe baki da filo.

Ana cikin haka yayar maigidan ta iso daga unguwar Cheetham Hill, a nan Manchester. Ni na buɗe mata ƙofa. Tana shiga falo ta saki ledar hannunta, lemo ya watse.

"Innalillahi! Tun yaushe yake haka? Kawo ruwa, maza!"

Da na so, da kalma biyu ta isa in yi mata bayani. Sai na tafi kicin na ciko kofi. Ta tofa addu'a ta sheƙa masa a ƙeya.

Ya zabura yana cewa, "Yaya, dolfin ne! Dolfin!"

Ta riƙe kansa gam ta dube ni. "Kin ji aljanin ya faɗi sunansa. To kai Dolfin, me ya yi maka?"

Yaron ya faɗo daga kujera. Ni kuwa na koma kicin na rufe ƙofa, na yi dariyata har da hawaye.

Gyaran gaskiya a ruwa aka yi shi. Koci ta riƙa kai yaron wuri mai zurfi ya tsaya a tsaye, hannaye a ƙirji, yana bugu har sai ya gaji. Wani lokaci ta sa masa takalmin roba mai faɗi. Ta kuma ce idon sawunsa ya yi tauri, ya dinga zama a kan dugadugansa. Babansa ya ce ai wannan zaman tahiya ne, ba sai Baturiya ta koya mana ba. Daga nan sallar yaron ta yi tsawo, har wani dattijo a masallacinmu na Longsight ya sa masa albarka a gaban jama'a. 

Da bazara aka kira gasa a Birmingham. A mota, cikin cunkoson hanya, maigida bai yi shiru ba. Koci ta riga ta gaya wa yaron bugu nawa zai yi ya taso, domin doka ta ce kan mai iyo ya fito kafin mita goma sha biyar. Shi kuwa uban cewa yake, "A ƙasa aka fi gudu, lissafi ne. Kada ka taso sai ka ji babu dama."

Na ce, "Abban yara, ka bar wa matar nan aikinta."

Ya ce, "Ƙarin haske kawai nake yi."

Iyon rigingine ne. Aka busa, suka nutse. Sauran yaran suka ɓullo ɗaya bayan ɗaya, namu shiru, sai inuwarsa kawai muke gani tana tsala gudu a ƙasa. Da ya taso ya ba su rata mai yawa. Maigida ya miƙe yana ihu da Hausa, yana dukan kafaɗar wani Bature da bai san hawa ba bai san sauka ba. Yaron ya riga kowa taɓa bango.

Ni kaɗai na lura da alƙaliyar da ke gefen ruwa, mai fararen kaya, lokacin da ta ɗaga hannu. Yaron ya wuce layin mita goma sha biyar kafin ya taso. Aka soke sakamakonsa.

Mun same shi ya lulluɓe kai da tawul. Koci na tsaye kusa da shi tana ƙoƙarin haɗe fuska, dariya na cin ta. Ta ce da can ko rabin nan ba ya kaiwa, yanzu kuma sai ta koya masa fitowa. Sannan ta tambaya, a hankali, ko wani ne ya ce ya ƙara bugu. Maigida ya duƙa yana gyara igiyar takalminsa, takalmin da ba shi da igiya.

A hanyar dawowa Manchester muka tsaya shan shayi. Yaron ya dubi babansa ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Abba, next time kai ka yi tafi kawai."

Uban ya kurɓi shayi. "To. Amma ka san kai ka zo na ɗaya."

"An cire ni, Abba."

"Su suka sani."

A gasar da ta biyo baya ya taso a kan lokaci, ya zo na uku, aka rataya masa lambar tagulla. Babansa ya yi tafi kawai, kamar yadda aka umarce shi, sai dai ni da ke gefensa na ga ƙugunsa yana motsi a kan benci.