Ƙararrawar Gidan Holbrook

A unguwarmu ta kan tudu a birnin Valparaíso, kowa ya san Doña Eduvigis a gidan Holbrook ta tashi, don ba ta bari a manta. Holbrook Baturen Ingila ne da ya yi arziki da fataucin jiragen ruwa, ya gina ƙaton gida mai kallon teku. Ita kuwa ɗinki take yi a ɗakin haya, amma shayin la'asar sai a kofin tangaran, tana ɗage ƙaramin yatsa kamar mai ciwo. Ba ta taɓa cewa ita jinin gidan ce ba. Ajiyar zuciya kawai take yi ta ce, "A gidanmu ba haka ake yi ba," mutane su ƙarasa sauran. Wannan girman shi ne duk abin da ta mallaka.

Da aka mai da gidan wurin tarihi, maƙwabciyarta Clorinda mai kifi ta tasa ta gaba.

"Doña, ai sai ki kai mu gidanku mu ba ido abinci. Ko kunyar tafiya da masu ƙarni kike ji?"

Ba yadda ta iya. Ran Lahadi ta sa safar hannu ta shige gaba, matan unguwa na biye.

Tun a bakin gida aka fara. Ta wuce babbar ƙofa ko kallo, ta nufi wata 'yar ƙofa ta gefe, sai da mai gadi ya dawo da ita. A sama ta rikice, ta nuna ɗakin cin abinci ta ce nan ake rawa. Amma da aka sauka madafa sai baki ya buɗe: nan ake jibge gawayi, wancan kwamin wankin yana yoyo, a yi hankali da matakalar ƙarshe.

"Ikon Allah," in ji Clorinda. "'Yar masu gida, amma ta fi sanin ƙasa."

"Yara ai ko'ina shiga suke," Eduvigis ta ce, ta zauna kan benci tana fifita, ranta ya yi sanyi, a ganinta ta tsira.

Sai mai zagawa da baƙi ta ce bari ta nuna yadda ake kiran 'yan aiki daga sama. Ta ja wata igiyar waya, wata ƙararrawa a bango ta kaɗa.

Tsohuwa Eduvigis ta miƙe zumbur, ta goge hannuwa a gaban siket ɗinta, ta sunkuyar da kai.

"Mama, ta ɗakin Madam ce, yi sauri!" ta ce da muryar yarinya, kamar mahaifiyarta na nan tana aikatau a madafar.

Clorinda, da ta tanadi dariya tun daga gida, ta neme ta ta rasa. Ta kama hannun mai safar ta jawo ta kan benci.

"Zauna, Doña," ta ce. "Madam ta mutu. Ta ɗebo ruwanta da kanta."