Ni Ne Nake Matsar da Jarkokin Iyaka

An haife ni a wani ƙauye a bakin madatsar ruwan Tiga, ta ɓangaren Bebeji. Ba zan faɗi sunana ba, domin ƴan uwana sun sha kunya isasshiya a kaina. Mahaifina manomi ne da damina, masunci da rani, kuma a hannunsa na koyi riƙe filafili da shimfiɗa kalli, wato ragar da ake bari a ruwa ta kwana. Har na yi aure ba wanda ya taɓa kama ni da kayan wani.

Ruwan nan ba namu ne mu kaɗai ba. A ɗaya gaɓar akwai masunta na ɓangaren Tudun Wada, kuma tun muna yara ake jayayya da su a kan wani wuri mai zurfi a tsakiya, inda tarwaɗa da karfasa suke taruwa. Da rigimar ta ishi kowa, Sarkin Ruwanmu da nasu suka zauna gaban dagatai suka raba wurin. Aka ɗaure jarkoki masu ruwan ɗorawa da igiya da manyan duwatsu, aka jera su a kan ruwa. Nan namu, can nasu. Aka kuma yarda ranar Juma'a kowa ya fita daga ruwa har a sauko daga masallaci.

Wata Juma'a na makara a ruwa, kallina bai kama komai ba. Na duba babu kowa, ga kallin wani mutumin tsallake dab da jarkokin, yana ta motsi saboda kifi. Na ce bari in ɗebi na miya kawai. Na ɗiba, na koma gida, ba wanda ya ce uffan. Juma'ar da ta biyo baya da gangan na makara.

Ba a daɗe ba kifi ya daina isata, na koma naɗe ragar gaba ɗaya. Na sami wani mai sayar da kayan kamun kifi a Kwanar Dangora wanda ba ya tambayar inda kaya suka fito. In cusa raga a buhun taki, in hau achaɓa in kai masa. Da mutanen tsallake suka aiko da ƙorafi, sai na ji tsoro kada bincike ya biyo ta kaina. Dabarar da na yi ita ce mafi muni a duk abin da na aikata: na fara satar ragar mutanenmu ma, kuma ina jan igiyar jarkokin nan ina matsar da su cikin ruwanmu, don a ce ƴan tsallake ne suke cin iyaka. Ni ne kuma na farkon zuwa majalisa in ce na hangi kwale-kwalensu.

Garinmu ya lalace da zargi. Mutum ya ga kifi da yawa a kwandon maƙwabcinsa, sai ya tsaya yana kallonsa. Matan da suke kawo daddawa daga tsallake suka daina zuwa. Kowa ya riƙa shiga ruwa da gora ko adda.

Sarkin Ruwanmu, tsoho ne mai ƙarancin magana, ya taɓa tsayar da ni a bakin gaɓa. Ya ce, "Yaro, mu fa da yawa muke da ido a garin nan. Yaya aka yi kullum kai kaɗai kake ganinsu?"

Na ce, "Baba Sarki, ai ni nake daɗewa a ruwa."

Ya ce, "Haka ne. Kana daɗewa." Ya daɗe yana kallona, sannan ya wuce. Ranar na ce na daina. Sati biyu na yi, na koma.

Ƙanwata Hadiza tana aure a tsallake. Mijinta Sani masunci ne, mutumin kirki, kuma shi kaɗai ne bai daina haurowa gaida mahaifinmu ba duk da halin da ake ciki. Wannan zumuncin ne ya jawo masa. Samari suka fara cewa shi yake zuwa leƙen inda muke shimfiɗa raga. Aka tambaye ni a majalisa, tunda surukina ne. Da na ce ƙarya ne, da an bar shi. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Ni dai ba zan yi shaida a kan ɗan uwa ba." Kowa ya fahimci abin da nake so a fahimta.

Wata safiya Sani ya taso da tarwaɗa biyu zai kawo wa Babanmu. Yana wuce jarkokin, kwale-kwale uku na samarinmu suka kewaye shi. Ina gaɓa ina gani. Suka kife jirginsa, wani ya maka masa filafili a fuska. Da ƙyar aka tsamo shi, kuma idonsa na hagu bai sake gani ba. Hadiza ta zo asibiti ta riƙe hannuna tana kuka, tana cewa, "Yaya, kai ka san halinsa, ka gaya musu." Na ce mata zan gaya musu.

Asirina ya tonu a Kwanar Dangora. Wani dattijo daga tsallake ya je sayen ƙugiya, ya ga ragarsa a rataye, ya gane ɗinkin da ya yi mata da hannunsa. Ya kira ƴan sanda. Mai shagon bai ko yi gardama ba, ya ba da sunana da na ƙauyenmu. A rumbun gidana aka sami raga huɗu, ɗaya ta ƙanin mahaifina ce. Da aka fito da ni, Baba yana zaune a ƙofar gida, bai ɗaga kai ba.

Alƙali ya ɗaure ni shekara uku. Samari biyu daga cikin waɗanda suka daki Sani su ma aka ɗaure su, a gidan yari ɗaya da ni a Kano. Kullum muna haɗuwa wajen karɓar abinci. Ɗayansu ya taɓa ce mini, "Da bakinka muka shigo nan." Na karɓi abincina na wuce. A can na sami labarin rasuwar Baba, kwana tara bayan an binne shi.

Da aka sake ni, kafin in shiga gida na nemi wanda zai haurar da ni tsallake. Mutum uku suka ƙi. Na huɗun ya yarda, amma ya sa ni a gaba inda zai riƙa ganin hannuwana. Na tarar da Sani a ƙofar gidansa yana gyaran raga, yana karkata kai don ya gani da ido ɗayan. Na durƙusa na faɗa masa komai, har maganar da na yi a majalisa. Da na gama, sai ya ce, "Na yafe maka don Allah, ba don kai ba. Amma kada ka ƙara tako gaɓar nan." Hadiza tana cikin ɗaki tana ji, ba ta fito ba.

Yanzu ina ƙwadago a gonakin tumatir a Kiru. Na tuba, ina roƙon Allah gafara a kowace salla, amma har yau idan na zauna kusa da mutum sai ya janye buhunsa.

Samari, ku da kuke shiga ruwa ko daji ko kasuwa inda ba mai ganinku, ku ji ni. Abin da ba naku ba ku bar shi, ko na miya ɗaya ne. In kuwa kun riga kun ɗauka, ku mayar yau, ku sha kunyar yini guda. Kada ku bari a zargi wani a kan laifinku. Ni na gama shekaruna uku na fito. Sani zai mutu da ido ɗaya.