Ranar da Na Shafa wa Bindigar Yayanta Man Ƙuli

Zan iya manta ranar da na fara sauka a Ingila, amma akwai wata Asabar da ba za ta taɓa fita daga kaina ba, ranar da na kusa rasa matar aure saboda man ƙuli. Har yau in aka buɗe kwalbarsa a gidanmu, sai matata ta kalle ni ta kau da kai tana danne dariya.

A lokacin ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Manchester, ina zaune a ɗan ƙaramin gidan haya bayan Oxford Road. Ita kuma tana aikin haɗa magunguna a Birmingham, wajen Edgbaston. Mun daidaita kanmu, saura manya. Mahaifinta yana Kaduna, ya ce ba zai karɓi magabatana ba sai babban ɗansa, wato yayanta da ke Erdington, ya gan ni ya ce na yi masa. Ke nan aurena kacokan yana bakin mutum ɗaya. Mutumin nan kuwa injiniya ne marar yawan magana, irin wanda za ka yi ta zuba yana kallonka har ka fara jin kamar ƙarya kake yi.

Ranar da na je gaishe shi, na ci tuwo na ƙoshi, hira kuwa ta ƙi tashi. Ina ta neman abin faɗa sai idona ya sauka kan wata doguwar baƙar jaka a bayan kujera. Na tambaya, ya ce kayan wasansa ne, airsoft. Wasa ne da manya suke shiga daji su kasu gida biyu, suna harbin juna da bindigogin wasa masu aiki da batir, harsashinsu 'yan ƙwayoyin roba ne da ba su kai girman wake ba. Karon farko ke nan da na ga fuskarsa ta saki. Ni kuwa da na ga ƙofa ta buɗe, sai na afka da ƙafa biyu. Na ce ai ni jikan maharba ne, kakana a ƙauyenmu wajen Funtua ba ya harbi biyu, a cikin ƙamshin albarushi na tashi. Maganar kaka gaskiya ce. Abin da ban faɗa ba shi ne, ni gorar ruwa kawai nake riƙe masa, ban taɓa ɗana kunamar bindiga ba.

Ya ce to madalla, nan da mako biyu akwai wasa, in zo. Ya ɗauko ɗaya daga bindigoginsa, rabinta fentin shuɗi ne rau don kowa ya gane ba ta gaske ba ce, ya ce in tafi da ita in saba da nauyinta. Ya jera mini dokoki: kullum tana cikin jaka a zuge, kada ta ga titi, ko kusa da taga kada in ɗaga ta, batir a cire, gidan harsashi a aljihu daban, kuma kada in harba ko ƙwaya ɗaya ba gilashin kariya a idona. Ya buɗe baki zai fara bayanin yadda ake goge ta, na tari numfashinsa na ce, "Yaya, wannan kuma bar mini, gadona ne." Ya dube ni, ya rufe bakinsa.

Tafiyata a jirgin ƙasa zuwa Manchester ranar nan, Allah kaɗai ya san zufar da na yi. Na matse jakar tsakanin ƙafafuna, duk wanda muka haɗa ido sai in yi masa murmushi, har wata tsohuwa ta tashi ta canza kujera. Amma a raina murna nake kamar an riga an sa rana. Mutumin da ba ya ba kowa fuska ya ba ni aron bindigarsa, me ya rage?

To a gidanmu ba a mayar da abin aro yadda aka karɓo shi. In innata ta ari tukunya, sai ta darje ta har ta yi ƙyalli, ta saka wani abu a ciki kafin ta mayar. Kakana kuma duk Juma'a yakan zauna gindin darbejiya ya shafe bindigarsa ta toka da man gyaɗa, ya tsoma gashin zabo ya zura cikin bututun. Sai na ce ni ma zan mayar wa Yaya bindigarsa fiye da yadda ya ba ni. Ina da kwalbar man ƙuli da inna ta aiko mini daga gida, wanda ko a garau-garau da cokali nake aunawa don kada ya ƙare. Wannan man na ɗauko, don girmamawa. Na shafe jikin bindigar, na tsaya da ita tsaye na ɗiga mata ta baki, ɗigo bayan ɗigo, ina jin daɗin kaina. Sau uku na yi haka cikin mako biyun. Ta yi sheƙi kamar goshin jariri, na ɗauki hotonta na tura wa budurwata. Ta rubuto cewa na tambayi Yaya kuwa? Na ce mata jikan maharba ba ya tambaya.

Asabar da sassafe Yaya ya ɗauke ni a tashar jirgi ta Birmingham. Na ajiye jakar a kujerar baya, muka kama hanya. Ba mu yi nisa ba ya sauke gilashin motar, alhali sanyi ake yi mai shiga ƙashi. Na ce a raina injiniyoyi dai akwai halinsu, na ƙara ƙudundune cikin rigar sanyina.

Filin wasan wani daji ne a bayan gari. Alƙalin wasa, wani ƙaton Bature mai jan gemu, ya tara mu ya yi bayani. Gilashin ido ba ya sauka matuƙar kana cikin fili, ko da ya yi hazo ba ka ganin gabanka. In za ka shiga wurin hutu, ka zare gidan harsashi tukuna. Sai ya zo kan babbar dokar. Ya ce ƙwayar nan ba ta barin fenti, ba ta barin shaida, ba mai iya tabbatar da an same ka sai kai. In ta taɓa ka, ko a igiyar takalmi ne, ka ɗaga hannu sama ka ce "hit" da ƙarfi, wato an same ka, ka fita. Ya ce wasan duka a kan wannan yake tsaye.

Daga nan aka jera layi don gwada ƙarfin kowace bindiga a wata 'yar na'ura. Da aka zo kaina na fito da ita tana walƙiya, na gyara tsayuwa irin ta kakana, na ja kunama. Ƙwayar ta fito a gajiye, ta faɗi tim taku uku a gabana kamar kashin akuya. Ta biyu ta yi hagu abinta. Ta uku ta fito da feshin mai. Wasu samari a bayana suka fara tari irin na mai haɗiye dariya. Mai jan gemu ya juya bindigar, ya shinshina, ya tambaya ko wani ya zuba mata wani abu.

Nan take na gane na yi ɓarna, kuma ɓarnar a kayan wanda aurena ke hannunsa. Kafin in yi magana Yaya ya karɓi bindigar, ya duba sama-sama, ya ce wataƙila robar ciki ce ta tsufa, don ta kwana biyu. Ya faɗa yana kallona. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na gyaɗa kai na ce lallai, abu in ya tsufa sai haƙuri. Aka ajiye ta, aka ba ni ta haya.

Ana busa usur na manta komai. Kai, ban san akwai daɗi irin wannan ba! Ga ni magidancin gobe, ina gudu cikin taɓo, ina ɓuya bayan itace, ina ihu da Hausa ba wanda ke jina. Harbina na farko bishiya na samu, na biyu ma ita. Ƙwaya ta same ni a cinya, zafinta kamar cizon cinnaka, na ɗaga hannu ina dariya. Da na yi sa'a na sami wani dogo a kafaɗa, sai da na yi wa kaina kirari. Gilashina ya yi hazo, hancina na yoyo, wandona ya yage a gwiwa, amma ji nake kamar ina shekara goma.

Wasan ƙarshe kafin cin abinci na ɗauko tuta ne, aka raba ni da Yaya, shi yana ɗaya ɓangaren. Ban san yadda aka yi ba, na bi wani kwari da jan ciki har na ɓulla bayan abokan gaba. Ga tutar nan taku biyar a gabana, ba kowa. Har na fara tsara yadda zan ba budurwata labari a waya. Sai na ji ƙas a bayana, a kan rigar sanyi mai kauri, ɗan taɓi kawai wanda da ƙyar na ji. Na waiga, ba mutum ba motsi. Zuciyata ta ce ai reshe ne, tashi ka ɗauka. Na kai daƙiƙa uku ina kallon tutar nan. Sannan na miƙe, na ɗaga hannu, na ce "hit" da muryar da ni kaina na ji tausayinta.

Daga wurin zuwa wurin hutu akwai tafiya, kuma doka ce hannunka ya zauna a sama har ka fita. Tafiyar nan ce ta kashe ni. Ina tafe hannu a sama ina tambayar kaina, wai ni da na amsa laifin ƙwayar roba da ba wanda ya gani, ni ne na bar mutum ya ɗora wa bindigarsa tsufa don ya rufa mini asiri? Kunya ta lulluɓe ni, murnar duk ta zube. Na kuma san in na faɗa, Yaya zai gane ni mai cika baki ne, kuma na yi masa ƙarya ido da ido da safe. Wa zai ba irin wannan ƙanwarsa?

Muka yi azahar a gefen mota kan rigunan sanyinmu, Yaya ya buɗe shinkafar da matarsa ta zubo mana. Na kasa kai loma.

"Yaya," na ce, "ba tsufa robar ta yi ba. Ni na zuba mata mai. Man ƙuli."

Ya ci gaba da tauna. Na ce tunda na fara bari in ƙarasa, na gaya masa ban taɓa harba bindiga ba sai yau, gora nake riƙe wa kaka.

"Na sani," ya ce. "Tun a tasha motata ta koma gidan masu ƙuli. Ka zaci zafi nake ji na sauke gilashi?"

Ashe hancina ne ya riga ya saba. Na sunkuyar da kai, ya ƙara da cewa shi ne ya harbe ni a baya, yana kwance cikin ciyawa tun ina jan ciki, da gangan ya saki ƙwaya ɗaya tak a inda rigar ta fi kauri.

"Roba ana canzawa," ya ce. "Jira nake in ga ko za ka kai yamma ba ka faɗa ba. Da ka kai, da na ce wa Baba a dakata."

Sai a lokacin ya fashe da dariya, irin wadda ban taɓa zaton yana da ita ba, har da dukan bayan mota. Ni ma na kama, hawaye na zuba, ban san na dariya ne ko na tsira ba.

Da la'asar a teburin kicin ɗinsa na biya bashin bakina. Ya warware bindigar gunduwa-gunduwa, ya nuna mini wata 'yar roba mai laushi a gindin bututun. Ita ce ke kama ƙwaya ta murza ta don ta tafi nesa a miƙe, in mai ya taɓa ta sai ƙwayar ta zame ta faɗi. Man girki daskarewa yake ya zama danƙo, man inji kuma cinye robar yake. Akwai man silikon da aka yi don wannan, shi ma ɗan kaɗan, kuma ba a kai shi kan robar nan. Bututu kuwa siririn tsinke ake zura masa da ƙyalle mai tsabta, a yi ta canza ƙyallen har ya fito fari. Ya ce batir ba ya kwana a ciki, ƙwayar da ta faɗi ƙasa ba ta komawa bindiga. Wannan karon bakina a rufe yake. Na zura ƙyalle ya fi ashirin, kowanne ya fito rawaya yana ƙamshi, matarsa na tsaye a ƙofa ta riƙe ciki don dariya, ta ce tarata ita ce in kawo mata ragowar kwalbar.

Ina cikin gugar nan ya ɗauki waya ya kira Kaduna a gabana. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, su zo." Daga nan kuma ya kwashe labarin man ƙuli kaf ya faɗa, ina jiyo dariyar tsohon ta cikin wayar. Ranar ɗaurin aure ba wanda bai sani ba, har limamin da ya miƙo mini hannu sai da ya tambaye ni lafiyar bindiga.

Abin da ranar nan ta koya mini biyu ne. Kayan mutum, mai shi ake tambaya yadda ake kula da su, don abin da yake kyautatawa a gidanku zai iya zama ɓarna a hannun wani. Na biyun ya fi zama mini. Shekarunmu da aure yanzu sun yi yawa, kuma in na yi kuskure a gida, ko na tabbata matata ba za ta taɓa ganowa ba, ba na bari yamma ta yi. Ina shiga kicin in tsaya a bayanta, in ɗaga hannu sama. Ba ta ma juyowa, sai ta ce, "To, me ka zuba wa mai yau?"