Malama Adawiyya da Dangin Dolfin

Kullum hantsi yakan sami Malama Adawiyya Idirisu ta sauka daga a-daidaita-sahun da ya ɗauko ta daga unguwar Takur a Dutse, ta buɗe ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Kafin ta gaisa da kowa sai ta leƙa firiza. A ciki akwai 'yan guntayen fatar dolfin, dabbar nan ta teku mai shayar da 'ya'yanta, waɗanda masu bincike suke aiko mata daga gaɓar teku.

Aikinta shi ne ta duba ƙwayoyin gado, ta gano wane garken dolfin ne yake haihuwa da wane. 'Yar makiyaya ce daga Buji, don haka ta san garke yakan yi tafiya mai nisa amma jininsa bai gauraya da na kowa ba.

Akwai wani ƙaramin garken dolfin a bakin wani kogi da yake ta mutuwa a komar masunta. Mutanen wurin suna cewa ba komai, wasu za su zo daga tsakiyar teku. Ana cikin gwada fatar wannan garke don a tabbatar, a tsakiyar bazara, firiza ta mutu. Dakta Zuhair, shugaban binciken, ya dafe kai.

"Malama, mu haƙura. Kafin a gyara, duk guntayen fatar sun lalace."

"Ranka ya daɗe, ba za su lalace a hannuna ba," in ji ta.

Ta bi masu sayar da ƙanƙara na Dutse ɗaya bayan ɗaya, tana cika kular da ta zuba guntayen a ciki, tana sauya ƙanƙarar da zarar ta fara narkewa, har yatsunta suka tsage. Haka ta yi har aka gyara. Gwajin farko bai fito ba, ta sake. Daga ƙarshe aka ga garken nan da wuya yake haɗa jini da na nesa. In ya ƙare, ya ƙare ke nan. Da aka kai wa masuntan bayani, suka yarda su matsar da komarsu.

Ke ce mai riƙon amana, Malama. Ke ce kika tsaya ranar da kowa ya sare. Bana za ki yi ritaya, mu abokan aikinki mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Ku kuma ɗaliban da ta horar, ga mabuɗin ɗakin nan. Ku riƙe shi kamar yadda ta riƙe.