Waƙar da Na Tsinta ta Katanga

Shekarar da muka tare a unguwar Mansur, bayan yaƙin duniya na biyu, katangar langa-langa ce kawai tsakaninmu da wani tsoho mai gasa tamis, gurasar nan mai faɗi. Mutanen Buhara ne shi da matarsa, gudun mulkin Rasha ya kawo su Makka. In yana kwaɓa fulawa sai ya yi ta gunguni da wata waƙa. Ni kuwa kunnena ba ya barin abin mutane. Na ɗauke ta tsaf, na sa mata baitocin Hausa, ga ta da daɗin daka.

Wata hantsi ina daka, 'yata mai shekara biyu tana goye, sai matar tsohon ta faɗo gidan ba sallama, ta riƙe taɓaryar.

"Uskuti, ya binti! Yi shiru, 'yata! Kin san abin da kike rerawa?"

"Hala, ai a bakin mijinki na ji," na ce mata. Hala muke ce mata, wato inna.

Ta zaunar da ni, ta yi mini bayani da gurguwar Larabcinta. Asalin karin na Faransawa ne, lokacin da suka tayar wa sarkinsu. Daga baya wani Barashe ya sa masa kalmomi yana kiran leburori su tashi. Aka yi ta rera ta a ɓoye da cikin kurkuku, har sarkin Rasha ya faɗi, ta zama taken ƙasa. Mijinta a aikin tilas aka cusa masa ita, ta maƙale masa har yau.

"Nan ma ƙasar sarki ce," in ji ta. "Wani ya gane ta ya kai wa askari, 'yan sandan sarki, sai a ce ku shuyu'i ne, 'yan kwaminis, maƙiya sarki da addini. Mijinki yana da takardar zama?"

Ba shi da ita. A ƙafa ya zo ta Sudan. Na kuma san jirgin Jidda da ake korar marasa takarda a ciki ba ya tambayar wa ka bari a gida. Daga ranar na koma daka shiru.

Bayan mako guda ina sayen tumatir, askari biyu tsaye dab da ni, sai na ji waƙar tana tashi daga bayana, siririya, ba kuskure ko ɗaya. 'Yata ce. Na kai hannu baya na murɗe mata cinya da duk ƙarfina. Ta tsala ihu. Ɗaya askarin ya yi dariya ya miƙa mata dabino.

Ban taɓa sa mata hannu ba sai ranar. Yau tana da jikoki, kuma ban sake jin ta rera komai ba, ko da rarrashin jariri.